Kwalbar Surukin Abokina

Na ci laimar kwaɗi a Kumasi cikin miyar gyaɗa. A ƙasar Sin na ga busasshiyarta buhu-buhu kusa da kifi, abin miya kamar kuɓewa. Sai a unguwar Narayi, nan Kaduna, na tarar ta zama asibiti.

Ina da aboki a can, mutumin kudancin Kaduna, wanda muka yi aikin masaƙa tare a Kakuri kafin in shiga yawon duniya. Ciwon suga ya daɗe da kama shi, ga gyambo a babban yatsan ƙafa. Wata Asabar na taso daga Tudun Wada in duba shi, na iske mijin 'yarsa zaune da kwat cikin zafin nan, ya jera kwalabe a tebur. Wai ƙwayar laimar kwaɗi ce daga waje, tana gina garkuwar jiki, amma ba a haɗa ta da maganin likita, don haka abokina ya ajiye nasa. Rabin bayanin da Turanci yake yi, irin Turancin da aka haddace daga waya.

Na ce, "Samari, garkuwar jiki ce ke sauke suga?"

Ya ce, "Alhaji, ku zamaninku ya wuce. Wannan kimiyya ce."

Da ya fita na dubi abokina. "Kai da uwarka ta raine ka da wannan abu, kuna tsinto shi gindin suri da damina, yau shi za a sayar maka a kwalba?"

Ya yi dariya. "Ai na san ɗanɗanonsa. Wannan ko ƙamshi babu."

"To me ya sa ka ajiye maganinka?"

"Suruki ne. Da hannu biyu ya kawo. In na ƙi, 'yata ce za ta ji a ɗakinta."

Kullum yaron kan biyo da yamma ya tambaya ko Baba ya sha. Baba kuwa ba ya iya yi wa suruki ƙarya, ba ya iya ce masa a'a. Na yi faɗa har muryata ta dushe, na kira 'yar a waya, ta ce mijinta ya halarci horo a kan ƙwayar, ya san abin da yake yi.

Kafin ƙarshen damina aka yanke yatsan. Na je asibiti na samu surukin tsaye bakin gado, yana gaya wa masu dubiya cewa ba don ƙwayar ba da ƙafar duka ta tafi. Abokina na kwance yana kallon silin. Ya ce masa, "Na gode, ɗana."