Kunne da Makullan Mama

A shekarar 1988 Hedimasta ya fara sanin Kunne, a watan da ya sayi motarsa ta farko kuma ta ƙarshe, wata ruwan toka mai ƙofa huɗu wadda ta riga ta ga hannu biyu kafin nasa. Kwana tara da saye ta fara wani kuka a gaba. Aka nuna masa gareji a bayan shagon mai walda: rumfar kwano, benci guda, da wani siririn mutum yana wanke fulogi a gwangwanin fetur.

Mutumin bai ko buɗe murfin inji ba. Ya ce a tayar da ita, ya karkata kai kamar mai satar jin hirar maƙwabta.

"Bel ɗin fanka ne, Malam. Ya saki."

Shi ne kuwa. Ran nan Hedimasta ya gane abin da ya sa aka manta sunan mutumin na ainihi, kowa Kunne yake ce masa.

Cikin shekara biyu Kunne ya haddace halin motar kamar na 'yarsa. Tana shan ruwa idan rana ta take. Gilashin baya na hagu ba ya hawa sai an lallashe shi da tafin hannu. Allurar mai kuwa maƙaryaciya ce, in ta ce saura kwata, to a nemi gidan mai. Yana da doka guda wadda ba ya karyawa ga kowa: ba ya karɓar tarin makullai.

"Cire mini na mota kawai," in ji shi. "Ranar da ɓarawo ya shiga gidanka, kada a ce makullin ya taɓa yini a garejina."

Matar Hedimasta, wadda gida da waje ake kira Mama, nas ce a ƙaramin asibitin unguwa, kuma ta riga mijinta iya tuƙi. Makullanta duka a zoben ƙarfe ɗaya suke: na ɗakin magani, na kabad biyu, na ƙofar gida, na mota, har da ɗan almakashi. Kafin a gan ta an ji ta.

A hannunta motar ta fara mutuwa. Ana cikin tafiya, da an faɗa rami sai inji ya ɗauke ɗif. Sau uku haka ta faru, a hannun Hedimasta kuwa ko sau ɗaya ba ta yi ba. Na huɗu, a 1993, a gangaren gada ne, yara uku a baya. Inji ya mutu, birki ya yi tauri, mota ta gangara cikin kwata. Auta ta sha ɗinki huɗu a goshi.

Kunne ya riƙe motar kwana biyu. Babu ramin da bai jefa ta ba, ko tari ba ta yi masa ba. Ya dawo da ita gida, ya tsaya a ƙofar falo yana goge hannu da tsumma, yara na ji.

"Malam, motar nan ba ta da laifi. Ƙafar Mama ce, tana saurin sakin kuloci."

Mama ta miƙe tsaye. Ta zare makullin mota daga zobenta, ta ajiye a kan tebur, washegari ta hau bas, ba ta sake tuƙi ba. Maganar ta zama abin wasa a gidan. Rediyo ya ɗauke, ƙafar Mama. Kofi ya fashe, ƙafar Mama. Takan yi dariya tare da su, Hedimasta ma yakan yi. Sai dai ya lura duk ranar da take taje wa Auta kai, hannunta yakan daɗe a kan tabon.

Shekara tara bayan haka wasiƙa ta iso daga kamfanin da ya ƙera motar. Da sunan mai ita na farko aka aiko ta, ta yi ta yawo hannu zuwa hannu har ambulan ya yi laushi. Hedimasta ya karanta sau biyu a tsaye, ya ɗauki tabarau ya nufi gareji.

"Sun ce a mayar musu da ita," ya ce.

"Su ƙwace? Bayan duk wahalar da na sha a kanta?"

"A'a, gyara za su yi kyauta. Wai ramin makullin irin waɗannan motoci yana da rauni. Idan aka rataya masa nauyi, aka faɗa rami, sai makullin ya juya da kansa ya kashe inji."

Kunne ya ajiye sifana. "Nauyi kamar me?"

"Kamar tarin makullai."

Kunne ya zauna a kan benci. Can ya ce, "Da ɗaya na gwada ta, Malam. Kullum da ɗaya nake gwadawa. Ni na ce a cire sauran."

Shi ya kai motar wurin wakilin kamfani, ya tsaya a kansu har suka canja abin. Da ya dawo da ita ranar Asabar da safe, bai shiga falo ba. Hedimasta na leƙe ta taga ya ga ya tura kujerar direba gaba, ya saukar da madubi, sannan ya zagaya ya zauna a gefen fasinja. Babban ɗan gidan, wanda yanzu har gemu ya tara, ya fito yana dariya.

"Kawu, wa kake jira? Kada dai ka ce ƙafar Mama za ka bai wa motarmu."

"Kai, rufe mini baki," Kunne ya ce. "Ƙafar uwarka lafiyarta lau. Kunnen kawunka ne ya yi ƙarya."

Mama ta fito da bokitin shanya a hannu, ta dube shi ta dubi motar.

"Kunne, na tsufa. Na manta inda giya ta biyu take."

"Tana nan inda kika bar ta, Mama. Ki zo da makullanki duka, har almakashin."

Ran nan filin makaranta kawai suka zagaya, sau biyu ta kashe motar, wannan karon da ƙafarta, ta ce, "Ka gani ko?" Ya ce bai ga komai ba, yana kallon tsuntsaye. Asabar ta gaba ya sake zuwa, da wadda ta biyo ta. Hedimasta ya ɗauka aiki ne ya yi wa Kunne ƙaranci, sai da mai walda ya tare shi a hanya yana ƙorafi, wai mako bakwai ke nan gareji a rufe kowace Asabar da safe, masu motoci na ta zuwa suna damunsa da tambaya.

A ta takwas Kunne bai zo ba. Mama ta jira shi har ƙarfe tara, sannan ta ɗauki jakarta ta ce da mijinta, "Malam, in kasuwa za ka, shiga baya. Auta ce a gaba."