Hannun Rigar Wattie

Mina Strachan ba matsoraciya ba ce, kowa a Portgarvie zai shaide ta. Tun tana yarinya take gyaran kifi a bakin tashar jirage har yatsunta suka karkace, ta yi jinyar suruka mai baƙin hali ba ta taɓa ɗaga murya ba, ta binne mijinta Zander ta dawo gida ta dafa wa masu gaisuwa shayi da hannunta. Amma ranar da ƙanwarta Beldie ta dawo daga Edinburgh ta zube a kujerar kicin ta ce, "Yaya, na ga Wattie," sai da Mina ta razana ta dire kofinta a kan faranti.

Wattie ɗanta ne, shi kaɗai ta haifa. Yana saurayi ya fita da jirgin kamun kifi wata safiyar Litinin, shi da mutum huɗu, teku bai dawo mata da ko takalminsa ba.

"Ke, Beldie, ki ji tsoron Allah."

"Ba fatalwa ba, zane! Ruwa ne ya koro ni na faɗa gidan zane-zanen nan na cikin gari, tunda shiga kyauta ne, ga bayan gida mai tsabta. Kin tuna mai jan gemun nan ɗan Glasgow, da ya yi mana zaman dirshan a kan katangar tasha yana ta shafe-shafen fenti a kan allo?"

"Wanda Zander ya ce kada a ba shi ko ruwan sha?"

"Shi fa. Ashe babban mutum ne muna masa kallon mahaukaci. Sun rataye zanensa, wai mutanen jirgin su Wattie ne, ga sunan jirgin a rubuce."

"Wanne ne shi a ciki?"

"Ni ina na sani? Dagwalgwalo ne, kamar an zubar da miya a bango. Amma ke da kika haife shi ai kallo ɗaya za ki yi."

Wannan magana ce ta hana Mina sukuni. Akwai abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har mai wa'azin cocinsu. Cocin nan na masu tsauri ne, ba a ɗaukar hoto, ba a rataye hoto, Zander kuwa ya fi kowa riƙo. Saboda haka babu hoton Wattie ko ɗaya a duniya, sai wanda ke cikin kan uwarsa, shi ma ya daɗe yana dushewa. Ta san muryarsa, ta san warin tabar da yake ɓoye mata, faɗin ƙirjinsa kuwa ko a yau a ba ta ulu za ta saƙa masa riga daidai ba tare da awo ba. Amma in ta rufe ido ta nemi fuskar, sai ta ga kamar madubin da tururi ya rufe. Tsoro take ji ƙwarai kada ta tsaya a gaban ɗanta, ƙanwarta na kallo, ta kasa nuna shi.

Abin da bai dushe ba shi ne safiyar ƙarshe. Matan gaɓar nan daga kafaɗa suke saƙa hannun riga su gangaro, don in bakin ya cinye a warware shi a sake. Hannun hagu na rigar Wattie ya cinye, ta warware ranar Asabar, sai ta tarar shuɗin ulunta ya ƙare. Lahadi ba a saƙa, ba a ciniki. Dole ta ƙarasa da ragowar ulu mai ruwan toka na safar Zander.

"Mama, ai sai a ce rigar mutum biyu na sa," in ji Wattie da safe, yana juya hannun yana dariya.

"Tafi can, mai baki. Ka dawo in canza maka."

Ya gangara. Tana tsaye a bakin ƙofa ta hango zare yana reto a bakin hannun, bai ɗauru ba. Ta buɗe baki za ta kira shi, ta rufe. Ba a kiran namiji in ya nufi jirgi, shi kuma ba ya waiwaye, wai yin haka yana jawo masifa a teku, wannan ko yaron goye ya sani. Ta koma ciki ta wanke kwanuka.

Sau biyu Beldie tana sa ranar zuwa ganin zanen Mina tana cewa ƙafa ke damunta. A na uku Beldie ta zo da tikitin jirgin ƙasa a hannu, ta ce ko da ƙafa ko babu ƙafa. A cikin jirgin, tun daga Aberdeen Mina take ta tsotsar alewar minti, hannunta na cikin aljihun kwat yana damƙe da tsohon mabuɗin rumbun kifin Zander. Kamar kowace 'yar masunta, in gabanta ya faɗi ƙarfe mai sanyi take taɓawa, kuma mabuɗin nan ya raka ta asibiti da maƙabarta duka.

A ƙofar gidan zanen aka yi mata ta'asa cikin ladabi. Kwat ɗin ya jiƙe, jakarta kuma ta yi girma, wani mutum ya karɓe su da murmushi ya ba ta 'yar roba mai lamba. Sai da suka hau bene ta tuna mabuɗin, kunya kuma ta hana ta komawa.

Ɗakunan farare ne fat, shiru kamar wurin jiran likita, takalmanta na coci suna ta ƙara a kan katako. Nan ga wata mata an zana ta koriya, can ga duwatsu ja jawur, ga wani abin ƙarfe a tsakar ɗaki, an harhaɗa shi da tarkacen jirgi, tsayin mutum.

"Dubi wannan," in ji Beldie. "Da a bayan gidanmu yake da tuni Zander ya sayar da shi wa masu gwangwan."

Mina ba ta yi dariya ba. 

"Ga shi nan, Yaya."

Zanen ya kusa cinye bango guda. Mina ta matsa har hancinta ya kusa taɓa shi, don idonta ba kamar da ba. Shuɗi, baƙi, toka-toka, an laɓta fenti da kauri kamar man shanu a kan burodi. Ta bi shi daga hagu zuwa dama tana neman ido, ko hanci, ko kunne. Ta sake bi. Babu komai.

"To? Wanne ne?"

"Bari mana."

"Na tsakiyan nan ne, ko? Kamar ya fi tsayi."

"Na ce ki bari!"

Ɗakin ya fara juya mata. Abin da ta yi shekaru tana gudu ga shi ya cim mata a bainar jama'a: ɗanta na gabanta, ba ta san shi ba. Hannunta ya tafi neman aljihu ya tarar babu kwat. Ta ja da baya tana lalube, tafinta ya faɗa kan wani abu mai sanyi, ta damƙe shi da hannu biyu. Abin ƙarfen nan ne na tsakar ɗaki. Ƙarar na'urar tsaro ta tashi, kowa ya juyo.

Mai tsaron ɗakin, wata mata kakkaura da suna Senga a maƙale a ƙirjinta, ta taho da sauri.

"Mama, ba a taɓawa! Don Allah saki, kada a kore ni da ke duka."

"Ki yi haƙuri, 'yar nan," in ji Beldie, kunya ta kama ta. "Mutanen gaɓa ne mu. Ƙarfe take nema."

Senga ta dubi fuskar tsohuwar, ta dubi yatsun da suka yi fari don riƙo. Ta kashe ƙarar, ta zare tarin mabuɗan da ke ƙugunta ta danƙa mata.

"Riƙe waɗannan, su ba su da tsada. Zo ki zauna kafin ki faɗi mini a nan."

Bencin yana can ƙarshen ɗakin, jikin ɗaya bangon. Mina ta zauna kanta a sunkuye tana sauke numfashi. Ta yanke shawara za ta nuna na tsakiya ta ce shi ne, a rabu lafiya, ta koma gida da ƙaryarta.

"Kin matsa masa da yawa ne," in ji Senga. "Mutumin nan zanensa ba ya son kusanci. Ni daga nan nake kallonsa kullum."

Mina ta ɗago.

Dagwalgwalon ya kwanta. Ga gangaren tasha da duwatsunsa masu santsi, ga hasken safiya a kan ruwa, ga mutum biyar suna sauka zuwa jirgi. Ba ta ga fuska ba saboda babu fuskar da za a gani: duka sun ba da baya. Na ƙarshe a dama ya ɗan karkata kafaɗa, jakarsa a saɓe. A bakin hannunsa na hagu akwai shafin fenti guda mai ruwan toka, da wani siririn layi yana reto a ƙarƙashinsa.

Rigar nan da wannan hannun sau ɗaya ta taɓa gangara wannan hanya. Ashe mai jan gemun yana kan katanga a safiyar, ya ga abin da ta gani daga bakin ƙofa.

"Na dama," ta ce.  "Mai tokar hannu. Ulun safar ubansa ne."

Beldie ta toshe baki da hannu.

Mina ta miƙe, mabuɗan Senga na ƙara a hannunta. Jirgin su Wattie ya riga ya tafi tuntuni, babu sauran abin da kira zai ɓata. Ta cika ƙirji, ta ƙwala kira da muryar da take kiransa cin abinci tun daga bakin ruwa.

"Wattie!"

Sunan ya daki bangon ya dawo. Wasu baƙi biyu suka sulale ɗaki na gaba.  Mina ta tsaya tana jira, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba.

"Yaya, zo mu tafi," in ji Beldie a hankali. "Jirgin ƙasa zai tafi ya bar mu."

"Kin gani, bai waiwayo ba," in ji Mina, ta koma ta zauna a kan bencin. "Yaron kirki. Haka na koya masa."