Farar Riga a Hammata

Yau ce ranar zagayawa da mutum-mutumin waliyyin garinmu a nan tsibirin Sisili na Italiya, ga wani ƙato da ban sani ba tsaye a bakin kasuwar kifi. Kafaɗarsa ta dama ta ɗan karkace, irin ta wanda ya daɗe cikin masu ɗaukar waliyyi. Amma farar rigarsu tana naɗe a hammatarsa, kowa na wuce shi ba gaisuwa.

Mai kifi ta raɗa mini, "Nunzio ke nan. Bara aka zuba masa giya a abin sha a ɓoye kafin fita, ya yi tuntuɓe da waliyyi a kafaɗa, suka cire shi. Mutumin da ko ɗanɗanawa ba ya yi!"

"Wa ya ba shi?"

Ta nuna da haɓa. Wani siriri ne, wanda ya gaji gurbinsa, ya iso yana dafa Nunzio. "Haƙuri, ɗan'uwa. Kullum ina roƙar maka limamin coci."

Nunzio ya ce, "Gaspare, kai kaɗai ka rage mini."

Raina ya ɓaci. Duk garin nan an san wanda ya zuba, amma wanda ya sha ake ƙyama. Shi kuwa bawan Allah, har yana gyara wa Gaspare wuyan riga.