Masaukin Kyauta a Hawa na Biyar

Mijin yayata, Yaya Rabe na Badarawa, shekara talatin da biyar ya yi yana tsaron sito a ma'aikatar gwamnati, kuma a cikinsu kaf babu ranar da ya kwana a otal. Ba ni na faɗa ba, shi ke shelarsa a ƙofar masallaci. In an tura shi Legas ya sauka gidan surukin abokinsa, in Jos ce ya tuna da wani da suka taɓa zama benci ɗaya a firamare. A wurinsa, wanda ya biya kuɗin ɗaki a garin da akwai Bahaushe ko guda ɗaya, to iyayensa ba su yi zumunci ba.

Da gwiwar yayar tawa, Yaya Zuwaira, ta ƙi, har salla sai a zaune, 'ya'yanta suka haɗa kai za a yi mata aiki a Alƙahira. Suka samo otal daf da asibitin. Yaya Rabe ya ce sam, ai ba a yi haka ba yana raye. Kwana biyu ya yi yana buge-bugen waya, sai ga shi da Bashir, wani ɗan Rigasa mazaunin can mai sayen dogayen riguna yana turowa gida, wanda mahaifinsa ya taɓa raka Yaya Rabe jana'iza. Shi ke nan, dangantaka ta ƙullu.

Ni aka zaɓa mai jinya, don haka a gabana ya yi wa Bashir tambayoyi, kuma wallahi ya yi ƙoƙari. Ya tambayi ko akwai masallaci kusa, ko ana ɗauke wuta, ko ruwa na zuwa kullum, har ko maƙwabta na da kare. Sannan ya cika jaka guda da kilishi da kuka da daddawa da yaji, ladan masauki ke nan. Abu ɗaya bai tambaya ba, don a layinsu daga tsakar gida sai ɗaki, ba wanda ya taɓa tambayar ɗakin baƙi a hawa na nawa yake.

Hawa na biyar ne, lifta kuma ta mutu tun kafin Bashir ya tare. Da muka isa, Yaya Zuwaira ta ɗaga kai ta dubi benen. Muka hau tana dafe da ni, kowane kwana sai ta zauna ta huta, shi kuwa yana gaba yana yabon iskar sama. Muka tarar da wasu dattawa biyu daga Kawo a falo, su ma masu hikima irin tasa, kowa da jakarsa ta kuka. Bashir, bawan Allah, ya koma kwana a kicin, yana ta cewa ba komai Baba, gidanku ne.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Ranar sallama likita ya ja kunne: ban da bene, sai bayan makonni, in ba haka ba aikin na iya lalacewa. Na maimaita wa Yaya Rabe da Hausa, ko da Turancin ya wuce shi. Ya ce likitoci haka suke da tsoratarwa, kuma ai ya riga ya yi dabara. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma yayata ta ƙifta mini ido, na haɗiye.

Dabarar muka tarar a gindin bene: kujerar roba fara, da ƙarti biyu da ya yi ciniki da su da hannu. Za su ɗora mace mai ɗanyen ɗinki su hau da ita hawa biyar, kamar buhun masara. Yana ta nuna musu inda za su riƙe, ƙafar kujerar ɗaya ma a tsage take.

Yaya Zuwaira ba ta fito daga tasi ba. Tun da nake ban taɓa jin ta musa masa ba, ko a kan gishirin miya. Ta ce, a hankali:

"Malam, na kwana a zauren mutane, na kwana a ɗakin kayan mutane, duk inda ka ajiye ni ban ce komai ba. Amma ƙafar nan 'ya'yana ne suka gyara mini. Ba zan hau ba."

Ya dubi kujerar. Sai ya sallami ƙartin, ya ce da ni in kira yara su turo sunan otal ɗin. Sannan ya shiga benen shi kaɗai kwaso kayanmu, ya hana Bashir taimaka masa. Sawu na biyu ya fito yana jan jaka a ƙasa, yana dafa bango. Na buɗe baki zan faɗi abin da ke cina tun daga Kaduna, yayata ta taɓa hannuna.

"Nafisat, je ki karɓi jakar nan," ta ce. "Shi ma gwiwarsa ta hagu ta daɗe da lalacewa, ɓoyewa yake yi don a fara yi mini aikin."