Orval Benda da Takararsa Bakwai

A garinmu Elkford, a jihar Nebraska, in famfon rijiyarka ya tsaya Orval Benda ake kira. Shi ke sayar da irin masara, shi ke gyaran famfo, kuma sau shida ya nemi kujerar majalisar wakilai ta ƙasa yana faɗuwa a hannun mutum ɗaya, Lyman Oberholt, wanda suka yi firamare a benci ɗaya.

Lyman lauya ne, mai daɗin baki. A 1958 ya yi alkawarin gada a kan rafin da ke yanke hanyar gonakin arewa, aka zaɓe shi, aka shekara biyu ba gada. Orval ya rubuta masa wasiƙa, aka aiko masa da godiya da hoton Lyman mai sa hannu. Ya sake rubutawa, aka sake aiko hoton. Da hotuna suka kai huɗu, sai ya rufe shago ya tafi ya cike takardar takara.

Orval bai iya jawabi ba. A taron cin abincin coci zai miƙe da takarda, ya karanta duk ƙuri'ar da Lyman ya kaɗa a majalisa, da rana da wata, har shayi ya huce. Mutane suna ƙaunarsa. Su tafa masa, su ƙara masa naman kaza, ranar zaɓe su zaɓi Lyman. Shi kuwa ya koma yankan jaridu, duk inda sunan Lyman ya fito, yana tarawa a kwalayen iri a bayan shago.

Kashegarin kowane zaɓe Lyman yakan leƙo.

"Na zo gaisuwar rashi," in ji shi.

"Kada ka zauna a kan buhun nan," in ji Orval. "Shi in an shuka shi yana fitowa, ba irin alkawarinka ba."

"Ka ci akwatin unguwarku, na gani."

"Da ƙuri'a tara. Wancan karon sha ɗaya ne. Biyu sun mutu."

A 1967 aka kashe ɗan Lyman, Curtis, a yaƙi. Shi kaɗai ne ɗansa. Bayan jana'iza da makonni, wata safiya Orval ya fita da tarakta zai duba wata rijiya, sai ya tarar da motar Lyman a rami gefen hanyar arewa, Lyman a ciki yana warin barasa, goshinsa a fashe. Saura shekara guda zaɓe. Orval ya ɗaura sarƙa ya jawo motar, ya kai shi gida ta ƙofar baya, ya ce wa matar Lyman, Ardith, ta dafa masa kofi mai ƙarfi. Daga nan ya wuce rijiyar, ya ba mai gonar haƙurin makara. Wannan labari sai bayan rasuwarsa muka ji shi, daga bakin Lyman. A zaɓen 1968 Orval ya karanta takardarsa yadda ya saba, ya faɗi yadda ya saba.

A 1971 aka ce za a naɗa Lyman jakada a wata ƙaramar ƙasa ta tsibiri, wadda sai da malamar makaranta ta kawo taswira muka gano inda take. Kafin naɗi sai an binciki halin mutum, don haka aka turo wani saurayi daga Washington, da baƙar kwat da jaka. Duk wanda ya tambaya, wanzami, fasto, mai gidan abinci, sai a ce masa, "Je ka wurin Orval."

Orval ya fito masa da kwali huɗu. Suka fara ƙarfe tara na safe. Da azahar suna kan 1963, matar Orval, Lorene, ta kawo musu burodi da nama, saurayin ya cire kwat. Da la'asar ya rufe kwalin ƙarshe ya dubi takardar tambayoyinsa.

"Yallaɓai, ka taɓa saninsa da cin hanci?"

"A'a. Ƙarya yake yi, amma kyauta."

"Ka taɓa ganinsa a buge?"

Orval ya ɗauki ƙyalle ya goge baƙin maiko daga yatsunsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Na taɓa ganin motarsa a rami," ya ce. "Hanyar ce ba kyau. Kuma laifinsa ne, a lokacin shekara tara yana majalisa bai sa an gyara ta ba. Rubuta wannan, samari."

Saurayin ya rubuta. Bayan wata biyu Lyman da Ardith suka hau jirgi.

Kujera ta zama ba kowa, kowa ya ce lokacin Orval ya yi. Ya tsaya karo na bakwai, da wata likitar dabbobi mai suna Joyce Pilger, wadda ba ta taɓa kaɗa ƙuri'a a majalisa ba, don haka babu abin karantawa. A taron farko ya miƙe, ya dubi jama'a, ya ce Joyce ta taɓa ceto masa saniya, ya zauna. Bai taɓa faɗuwa mummunar faɗuwa irin ta wannan karo ba. Lorene ta ce kwana uku bai ci abin kirki ba, ba don kujerar ba, don dai kashegarin zaɓe ya share shago tun da sassafe, ya zauna har yamma, ba wanda ya leƙo ya tsokane shi.

Sai wasiƙu suka fara zuwa daga tsibirin, da hannun Lyman kansa. Aikin jakada, in ji shi, cin kifi ne da tsayuwa ana busa ƙaho, kuma duk abin da ya faɗa sai a ce masa gaskiya ne. Ya roƙi a aiko masa da irin masara, zai gwada a bayan gida. Orval ya aika, tare da shafi uku na yadda ake shukawa. Masarar ta yi tsawo ta ƙi yin goyo, suka shekara uku suna musu a takarda kan ko laifin waye.

Lyman ya dawo a 1975, gashi ya yi fari. Coci ta sa su biyun a kwamitin kula da maƙabarta, inda suka yi shekara goma sha shida ba su yarda da juna a kan irin shingen da za a yi ba. Orval ya rasu a 1991, ranar wata Talata, bayan ya gama gyara famfon gidan marayu. Lyman ne ya yi jawabin jana'iza, yana dogare da sanda, ya ba da labarin ramin tun daga farko, ya kasa ƙarasawa, fasto ya kama shi ya zaunar.

Lorene ta sayar da shagon da bazara. Lyman ya aiko a tambaye ta ko za ta ba shi kwalayen, ta ba shi. Ardith ta ce ya karance su kaf a cikin hunturu guda, ya sami kuskure biyu, ya gyara da fensir.