Kyankyason Ɗakin Inna

Ranar wata Asabar ce bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyu a ƙaramar sakandare, soyayyen naman layya ma bai ƙare a gidanmu ba. Ina durƙushe a tsakiyar wani ƙaton ɗakin taro mai tagogin gilashi, na ajiye robot ɗinmu a kan farin katako, daidai bakin baƙin layin da aka ce ya bi. Alƙalin gasa ya ce in kunna, na kunna. Maimakon ya bi layi, sai ya hau zagaye a wuri ɗaya kamar akuya a turke, daga nan ya miƙe ya faɗo ƙasa. 'Yan wata makaranta da ke bayanmu suka kwashe da dariya. Ƙawata Rumasa'u, wadda muka haɗa shi tare, ta ja hijabi ta rufe fuska.

Bari in koma baya kaɗan don ku gane abin da ya sa faɗuwar nan ta dame ni. A farkon zangon ne masu shirya gasar suka ba makarantarmu ta 'yan mata da ke Gwale aron akwati guda na kayan haɗa robot. Sharaɗin a fili yake: makarantar da nata ya kai ƙarshen layi, akwati ya zama nata har abada, wadda ta gaza kuma ta mayar. Malam Kabiru mai koya mana darasin fasaha bai ɓoye mana ba, ya ce shi ma bai taɓa riƙe irinsa ba. Ya zaɓe ni don na taɓa kwance agogon bangon ajinmu na mayar da shi yana aiki, ya zaɓi Rumasa'u don lissafi ba ya ba ta wahala. Kuma kada ku zaci mutum-mutumi ne mai hannu da ƙafa irin na fim. 'Yar mota ce mai taya biyu da batir, da wasu ƙananan idanu a ƙarƙashinta da ake ce wa sensa, su ke bambance fari da baƙi. A gefensu akwai ɗan kunne da ake murzawa har ganin nasu ya daidaita. Wallahi ranar da na fara ganin tayar nan ta juya da kanta, ko abincin rana ban iya ci ba.

Wurin gwaji ne ya zama matsala. Ana tashi ake kulle makaranta, sito kuma yana yoyo, sai Malam ya yarda mu kai akwatin gidanmu a Kabara. Tsakar gidanmu kuwa ba wurin robot ba ce: awaki, kaji, turmi, ruwan wanki, ƙannena da langa, ga ƙasa duk gargada. Zaure yana da siminti mai kyau, amma na maza ne, yarinyar da ta fara saka babban hijabi ba ta zama a can. Sai ɗakin kakata Inna ya rage. Tsohon ɗakin ƙasa ne mai rufin azara, ƙasansa sumul, tagarsa ɗaya ƙarama can sama, ƙofarsa da labule mai kauri. Wuta kuwa sai a kwana biyu ba a kawo ba. Sai na gama wanke-wanke na kai markaɗe, Rumasa'u ta sha faɗan fita a gidansu, sannan mu samu ɗan tsakanin Azahar da tafiya islamiyya. Alhamis da Juma'a ne kaɗai muke baje kolinmu. Mu ɗebo gawayi a murhu mu zana layi mai kwana-kwana a ƙasa, da safe Inna ta share abinta tana mita, da rana mu sake zanawa.

Inna ce ta raɗa wa robot ɗin suna Kyankyaso, wai yadda yake sulalawa ya shige ƙarƙashin gadonta. A cikin duhun nan muka yi ta murza ɗan kunnen har ya koyi bin gawayi tiryan-tiryan. Abu ɗaya ne ke ɓata mana rai. Duk sanda Inna ta ɗaga labule za ta shigo da buta ko ƙwaryar fura, sai Kyankyaso ya rikice ya bar layi. Mu kuma sai mu haɗa baki mu ce ta saki labulen, tana ɓata mana aiki. Ita kuma ta ce, "Ikon Allah. Ni da ɗakina sai na nemi izinin ƙwaro." Ta saki, duhu ya dawo, ya koma kan layinsa, mu yi ta murna. Ko sau ɗaya ba mu tambayi kanmu me ya haɗa shi da labule ba. Mu dai a wurinmu Inna ce matsala.

To, mu dawo ɗakin taron nan. Aka ce muna da damar gwaji na biyu, mu je mu gyara. Malam Kabiru yana ta duba batir, gumi ya jiƙa masa hula, ni ina taɓa wayoyi ɗaya bayan ɗaya, komai lafiya lau. Rumasa'u ta ɗaga kai ta kalli tagogin da rana ke kwararowa da fitilun da ke sama, ta matso kunnena ta ce, "Sadiya, labule. Nan babu labule." Nan take na gane. Mun koya masa gani a duhu, mun kawo shi inda haske ya kashe masa ido. Sake murza kunnen nan aikin yini ne, ba mu da wannan lokacin. Na zare baƙin ɗankwalin da ke ƙarƙashin hijabina, na Inna ne ma ta ara min, na yage bakinsa da haƙori, muka ɗaura wa Kyankyaso kamar zani muka liƙe da salatif, don mu yi masa ɗan duhunsa.

Ya bi layi. Ya sha kwanar farko, ya sha ta biyu, masu dariyar nan suka yi tsit, har na ji Malam yana salati a hankali. Saura ƙiris ya kai, sai zaren da ya zazzago daga yagaggen ƙyallen ya naɗe taya. Ya tsaya cak yana kuka, ƙarshen layi na gabansa kamar in miƙa hannu in tura shi. A nan muka kwance shi da hannunmu muka jera komai a akwati muka miƙa. Da na koma gida Inna ta kalli ɗankwalinta ta kalle ni, ba ta yi faɗa ba. Tambaya kawai ta yi ina ƙwaron. Na ce sun karɓe. Ta ce, "Ashe aro ne." Washegari ba ta share layin gawayin ba, sai da ƙafafu suka goge shi da kansu.

Makarantarmu ba ta sake ganin akwati ba har muka gama. Rumasa'u ta koma ajin kasuwanci, yanzu ɗinki take yi, kuma ta iya. Ni ce abin ya ƙi saki. Matacciyar rediyo, tsohuwar tocila, motar wasan yara da aka yar, duk na kwance su na ciri abin cira, sauran na koya a bidiyon waya, in data ta ƙare in jira. Yanzu ina da yara 'yan unguwa da nake koya wa duk Alhamis da Juma'a, kuma in kuka ga idon yarinya ranar da tayarta ta fara juyawa, za ku gane me ya sa na kasa bari. Amma gaskiya na gaji. Na gaji da yawon makarantu neman a tallafa wa yaran ana ce min za a duba. Na gaji da gasar da ke zuwa sau ɗaya a shekara, a ɗauki hoto, a kwashe kaya, a bar yara da labari. Yaro ba ya zama injiniya da kayan aro na zango ɗaya.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ɗakinta yanzu an sa masa tayil da fitilar sola, an faɗaɗa taga, ko'ina fes, babu inda gawayi zai kama. A nan nake tara yaran. Duk wanda ya haɗa nasa ya ga yana bin layi, kafin ya fara tsalle nake cewa ya ɗauka mu fita tsakar gida cikin rana. Wani lokacin in na ɗaga labulen sai in tsaya da shi a hannu, ina jiran wani ya ce in saki.