Baƙin Shayin Muhtari

Muhtari mutumin Jangeru ne, amma a Kasuwar Daji aka san shi, da teburin shayinsa a bakin tasha. Mutum ne mai gudun fitina, ko murya aka ɗaga kusa da shi sai ya bar wurin. Tun yana saurayi da ruwan tsohuwar rijiya yake dafa shayi, har aka yi sabuwar jiha, bayan 'yan shekaru aka zo aka haƙa musu burtsatse mai ruwa garau.

Ranar da ya fara aiki da ruwan, yana zuba ganye tukunya ta yi baƙi ƙirin kamar tawada. Ya zubar, ya sake, haka. Ya sauya ganye, ya sauya tukunya, duk a banza.

Shekarar ce kuma aka kafa Shari'a, an rufe gidajen giya, kunnen kowa a buɗe. Wani direba mai suna Sanda ya kurɓa, ya tofar.

"Muhtari, mi kaka sa ma shayin ga? Ko kai ka gaji masu burkutu?"

Wasa ya yi, amma magana zarar bunu ce. Kafin kasuwa ta zagayo ana cewa ƙwaya yake jefawa. Benci ya yi fayau. Ko ɗan agaji ya gifta, sai Muhtari ya laɓe bayan tebur. Abinci ya daina shiga, har matarsa Yalwa ta fara cewa su koma gida noma kafin a ja shi gaban alƙali.

Ana cikin haka wani ma'aikacin ruwa, Bilyaminu, ya zo duba burtsatsen. Muhtari ya bi shi ya faɗa masa, murya ƙasa-ƙasa. Bilyaminu ya buɗe ɗan akwatinsa, ya tari sabon ruwa a kwalba, ya ɗiga masa magani. Nan take ya rikiɗe kamar manja.

Muhtari ya ja da baya. "Guba ce?"

"Ƙarfe ne, kuma iri biyu gare shi. Wanga narkakke ne, ido bai ganinshi, shi ka gamuwa da ganye ya yi baƙi. In ruwa ya sha iska, sai ya koma tsatsa ya kwanta ƙasa."

Ya gwada ruwan burtsatsen da ya kwana a bahon Muhtari, da ƙyar launinsa ya motsa.

Muhtari ya ce, "Don Allah, malam, sake a gaban mutane."

Ya sake, Sanda na tsaye yana sosa ƙeya.

Daga nan Yalwa ta riƙa baza ruwa a manyan bahuna, in ya kwanta ta tace da ƙyalle. Shayi ya dawo ja. Masu sha dai ba duka suka dawo ba, akwai waɗanda suka ce ba a rasa nono a ruga. Da waɗanda suka dawo ɗin ya ci gaba, har ciwon ƙafa ya zaunar da shi, ƙaninsa Abbati ya karɓi teburin.